Jirgin TEE da mintocin da ake ɓatarwa a kan iyaka

A watan Satumba na 2020 ministan sufurin Jamus na wancan lokaci, Andreas Scheuer, ya gabatar wa takwarorinsa na Turai wani shiri mai suna TEE 2.0, na jiragen ƙasa masu dogon zango da za su riƙa ratsa ƙasa bayan ƙasa ba tare da fasinja ya sauka ya sake jirgi ba. Sunan na aro ne. Mai shi na asali, Trans Europ Express, ya fara aiki ranar 2 ga Yuni 1957, ya yi tashensa na shekara ashirin da 'yan kai, sannan tauraronsa ya dushe. Duk sa'ad da aka tayar da zancensa, hotuna ake fara fitowa da su: taragai masu launin ja da ruwan madara, kujeru masu laushi, teburin abinci da farin ƙyalle. A ganina wanda ya tsaya nan ya yi tuya ya manta da albasa. Gadon TEE da ya cancanci a ɗauka shi ne aikin da ya yi a kan iyaka. Ƙa'idarsa kuwa ta cewa mai tikitin faskila, wato aji na farko, kaɗai zai hau, wadda da ita aka fi tunawa da shi, ita ce ta gajarta masa kwana, kuma bai kamata wani ya sake ta ba.

Sai an san yadda ƙetare iyaka yake kafin 1957 za a gane nauyin maganar. Jirgi idan ya iso tashar iyaka tsayawa yake yi cik. Ma'aikaci ya shiga tsakanin kan jirgi da tarago na farko, ya rufe famfunan bututun iskar birki, ya raba bututun, ya cire abin da ke kai wa taragai ɗumi, ya sassauta ƙugiyar da ta ɗaure su ya zare ta. Kan jirgin ya ja gaba ya kauce zuwa wani layi, a juya hanya, na ƙasar da za a shiga ya taho a hankali har ya manne, a mayar da duk abin da aka kwance. Sabon direba ya cika bututun birki da iska har ma'auni ya nuna bar 5, ya rage iskar don birki ya kama, wani ya bi gefen jirgin da ƙafa yana duba ko takalman birki sun damƙi ƙafafu, sannan a sake cikawa a tabbatar sun saki. Wannan na kan jirgi ne kaɗai. Can cikin taragai jami'an shige da fice na bin fasfo ɗaya bayan ɗaya, 'yan kwastan na buɗe akwatuna, kuma sau da yawa aikin biyu ne: na ƙasar da ake bari da na wadda ake shiga.

Ga lissafi mai sauƙi. Jirgin da ke gudun kilomita 120 a awa yana cin kilomita 100 cikin minti 50. Idan aka ɗaga gudunsa zuwa 140, zai cinye su cikin minti 43. Ribar minti 7 ke nan, bayan an kashe kuɗi wajen miƙar da kwanoni, ƙarfafa gadoji, da sayen inji mai ƙarfi. To tsayuwar minti 20 a tashar iyaka guda ɗaya ta cinye ribar da za a samu a kilomita 280 na irin wannan gyara. Jirgin Edelweiss, daga Amsterdam zuwa Zurich, yana bi ta Holan, Beljiyam, Luksambok, Faransa, ya ƙare a Suwizalan. Ƙasa biyar, iyaka huɗu. Wanda ya kawar masa da tsayuwar nan huɗu ya ba shi abin da injiniyan layin dogo ba zai iya ba shi ba sai da shekaru da maƙudan kuɗi.

Mutumin da ya hango wannan shi ne F. Q. den Hollander, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Holan, wanda ya fito da shawarar a 1953. Yana kallon jiragen sama na ƙara yawa a tsakanin manyan biranen Turai, ya kuma san 'yan kasuwa da manyan ma'aikata su ne za su fara gudu. Abin da ya nema kamfani ne guda na haɗin gwiwa, mai jiragensa iri ɗaya, da zai riƙa tafiyar da su a kan layukan kowa. Bai samu ba. Kowace hukuma ta ja zarenta, domin kowace na da masana'antun gida da take so su sami kwangila, kuma ba wadda ke son wani kamfani ya kwashe mata fasinjojin da suka fi kawo kuɗi. Abin da aka tsaya a kai shi ne kwamiti, da suna ɗaya, da launi ɗaya, da 'yan sharuɗɗa: gudun kilomita 140 a awa, kujeru kada su wuce uku a jere, abinci a cikin jirgi, binciken fasfo da kaya jirgi na tafiya. Hukumomin Jamus ta Yamma, Faransa, Italiya, Suwizalan da Holan su suka kawo jiragen farko. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin su fara aiki, ranar 25 ga Maris 1957, aka sa hannu a yarjejeniyar Roma da ta kafa kasuwar bai-ɗaya ta Turai.

Babbar matsalar da ke gabansu lantarki ce. Kowace ƙasa ta ja wayarta a lokacin da ba ta tunanin maƙwabciya. Jamus, Suwizalan da Ostiriya na amfani da lantarki mai juyawa na bolt 15,000, mai juyi 16 da biyu bisa uku a daƙiƙa. Holan da kudancin Faransa suna kan mai miƙewa na bolt 1,500. Beljiyam da Italiya mai miƙewa ne shi ma, amma bolt 3,000. Arewacin Faransa kuma ya ɗauki mai juyawa na bolt 25,000, juyi 50 a daƙiƙa. Ga kuma gutsattsarin layuka da ba a ja musu waya ba tukuna. Daga Paris zuwa Amsterdam, tafiyar da ba ta kai kilomita 600 ba, sai an gamu da iri uku. Saboda haka aka zaɓi dizal, domin injin dizal bai damu da wayar da ke samansa ba. Aka kuma ƙera jiragen da mazaunin direba a gaba da baya, ta yadda a tashoshin da layi ke ƙarewa, kamar Milan, Zurich, Munich da Frankfurt, direba ne ke komawa ɗaya ƙarshen, ba a kwance komai.

Iri huɗu aka samu maimakon ɗaya. Jamus ta fito da VT 11.5, mai dogon hanci, taragai bakwai a haɗe, inji a kowane ƙarshe mai ƙarfin doki 1,100. Holan da Suwizalan, su kaɗai da suka yarda su yi abu tare, suka ƙera jirage biyar iri ɗaya, uku na Holan biyu na Suwizalan, kowane da taragai huɗu da kujeru 114, injin daga masana'antar Werkspoor, taragan fasinja daga SIG. Faransa ta gyara samfurin da take da shi mai suna RGP, Italiya ta sa kamfanin Breda ya yi mata mai tarago biyu. A na Jamus da na Holan akwai na'urar sanyaya iska da taragon cin abinci. A na Faransa da Italiya a kujera ake kawo wa mutum farantinsa. Kuɗin tikiti ɗaya ne bisa tsari, amma daɗin tafiya ya danganta da jirgin wace ƙasa mutum ya faɗa.

Binciken fasfo a cikin jirgi shi ne inda na fi son a daɗe, domin shi ne ba ya fitowa a hoto. Jami'ai kan hau a tashar ƙarshe kafin iyaka, su bi jirgin daga kai zuwa wutsiya yana gudu, su sauka a tashar farko ta ɗaya ƙasar, su dawo da jirgin da ke komawa. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace sai an warware tambayoyi da dama tukuna. Jami'in Faransa da ya sami mutum da fasfon jabu bayan jirgi ya riga ya shiga Beljiyam, yana da ikon riƙe shi? Wa zai karɓi mutumin, a wace tasha, kuma wa zai mayar da shi? Kayan da kwastan suka kama a ƙasar wani, na wace gwamnati ne? Jami'i zai iya shiga ƙasar maƙwabta da kakinsa da makaminsa? Tun ranar 10 ga Janairu 1952 an yi wata yarjejeniya a Geneva kan sauƙaƙa wa fasinjan jirgin ƙasa da kayansa ƙetare iyaka, amma kowace iyaka sai da ƙasashe biyun suka zauna suka rubuta tasu dalla-dalla. Aikin lauyoyi ne da manyan jami'an kwastan, ba ya buƙatar siminti ko ƙarfe, kuma shi ya mayar da tsayuwar iyaka ta zama ta minti biyu ko uku, wani wurin ma jirgi ya wuce bai tsaya ba. A 1963 aka fara jirgin Brabant, daga Paris zuwa Brussels babu tsayawa ko ɗaya.

Jadawalin ma an tsara shi da niyya. Mutum ya tashi da sassafe, ya isa kafin azahar, ya yi abin da ya kawo shi, ya kama na yamma ya kwana a gida. Karin kumallo a tafiya, abincin dare a dawowa. Ana biyan kuɗin faskila, a ƙara wani abu a kai gwargwadon nisa, kuma a jiragen ƙetare sai an kama kujera tun kafin tafiya. A jiragen Jamus akwai ɗakin sakatariya mai buga wasiƙu da tafireta, akwai kuma wayar tarho. Mistral na Faransa har da shagon gyaran gashi.

Ba a daɗe ba aibin jiragen dizal ɗin ya bayyana. Jirgin da taragansa ke haɗe dindindin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ranar da masu son tafiya suka kai 160, kujera 114 ce dai. Ko a bar sauran a tasha, ko a haɗa jirgi na biyu sukutum a ja shi rabi babu kowa. Idan ƙafa ɗaya ta sami matsala a tarago ɗaya, jirgin gaba ɗaya ne zai shiga gareji. Da yake kowace ƙasa ta ƙera nata daban, na Italiya ba zai maye gurbin na Jamus ba, kayan gyaransu ba ɗaya ba, makanikansu ba ɗaya ba. Nan ne kuɗin ƙin shawarar den Hollander ya fara fita. Ga shi kuma ana ta ja wa layuka waya, har ya zama ana ƙona dizal a ƙarƙashin lantarki.

Suwizalan ce ta fara kawo magani. A 1961 ta fito da RAe TEE II, jirgin lantarki da ke cin duk iri huɗun nan, mai gudun kilomita 160, wanda ya riƙa yin Gottardo tsakanin Zurich da Milan, da Cisalpin tsakanin Paris da Milan. A kan rufinsa akwai hannuwa huɗu masu shafar waya, kuma kowane da dalilinsa. Wayar sama ba a miƙe sak ake ja ta ba. Ana karkata ta hagu da dama daga turke zuwa turke don kada ta ci rami a wuri ɗaya na hannun. Jamus na karkata tata da yawa, shi ya sa faɗin hannunta ya kai mita 1.95. Ramukan duwatsun Suwizalan matsattsu ne, hannunta bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ɗaga siriri a Jamus, waya ta zame ta gefensa ya fizgo ta ƙasa. Ɗaga faffaɗa a ramin Suwizalan, ya doki bango. Sai kuma nauyin wutar: injin da ke buƙatar kilowat 3,000 yana jan amfiya 200 a bolt 15,000, amma amfiya 2,000 a bolt 1,500, don haka hannun da zai ɗauki ta biyun dole ya fi kauri ya kuma fi danna waya. A wurin sauyi, direba ya kashe babban makunni, ya sauke hannu, jirgi ya wuce guntun da babu wuta da ƙarfin gudunsa, ya zaɓi tsarin ƙasar da ya shiga, na'ura ta auna wutar da ke kan waya, sai idan ta dace da abin da ya zaɓa makunnin zai yarda ya kama. A 1964 Faransa ta biyo da kawunan jirgi na CC 40100, su ma masu cin iri huɗu, suna jan taragan farin ƙarfe tsakanin Paris, Brussels da Amsterdam.

Bayan wuta akwai na'urar da ke tsare direba idan ya wuce danja. Jamus na da Indusi, mai aiki da maganaɗisu a gefen layi. Suwizalan na da Integra-Signum. Faransa da Beljiyam na da wani dogon ƙarfe kwance tsakanin layuka biyu, wanda ma'aikata ke kira kada saboda siffarsa, burushi a ƙarƙashin jirgi na shafarsa. Faransa, Beljiyam, Suwizalan da Italiya jiragensu hannun hagu suke bi, Jamus da Holan hannun dama. Ko da jirgi ya iya wucewa, direba kan sauya, domin sai wanda ya san hanyar da dokokinta da harshen masu ba da hanya.

Wadda ta fi burge ni ita ce iyakar Sifen, inda faɗin layin kansa ya bambanta: milimita 1,668 a can, 1,435 a Faransa, tazarar milimita 233. Shekara da shekaru kowa sai ya sauka da kayansa ya sake jirgi. Daga 1969 Catalan Talgo ya riƙa zuwa Basalona daga Geneva kai tsaye. Ƙafafun taragan Talgo ba sa kan sanda ɗaya, kowace da mazauninta. A Portbou, tashar iyaka ta ɓangaren Sifen, jirgin kan bi ta cikin wata na'ura a hankali. Wasu ƙarafa a gefe su ɗauke nauyin taragon, a zare makullan ƙafafu, hanya ta tura kowace ƙafa ciki ko waje, makullai su koma, nauyi ya dawo kan ƙafafu. Fasinja na zaune a kujerarsa.

Akwai dai mintocin da ba a taɓa su. Ranar 9 ga Fabrairu 1971 TEE Bavaria, daga Munich zuwa Zurich, ɗaya daga cikin jiragen dizal biyun nan na Suwizalan, ya shiga wata kwana kusa da Aitrang a Jamus da gudu fiye da kilomita 120 inda doka ta ce 80. Ya kauce daga layi, wani ƙaramin jirgi da ke tahowa ta ɗaya hannun ya afka wa tarkacen. Mutum 28 suka rasu, 42 suka jikkata. Direban na cikin mamatan, kuma abin da aka fi zargi shi ne ƙanƙara a hanyar iskar birki. Iskar da aka matse tana ɗauke da danshi. Idan ba a tsane ruwan ba, a hunturu yakan daskare ya toshe bututu. Birkin jirgi kuwa raguwar iska ce ke sa shi kamawa, don haka idan bututu ya toshe, direba zai ja birki amma saƙon bai isa ba. Gwajin birki da tsane tankunan iska ba sa cikin ɓata lokaci. Bayan hatsarin aka mayar da Bavaria taragai da kan jirgi. Huɗun da suka rage daga biyar ɗin nan na Holan da Suwizalan aka daina aiki da su a 1974, daga baya aka sayar da su ga Kanada.

A 1965 aka buɗe ƙofa ga jiragen da ba sa fita ƙasarsu su ɗauki sunan TEE. Mistral na Paris zuwa Nice ya shiga, Blauer Enzian na Hamburg zuwa Munich ya shiga, daga baya Capitole na Paris zuwa Toulouse, wanda tun 1967 yake gudun kilomita 200 a awa, da Settebello na Roma zuwa Milan. A 1974 jiragen sun kai 45, suna haɗa birane 130, daga Basalona zuwa Vienna, daga Copenhagen zuwa kudancin Italiya. Ana kiran wannan shekara ƙololuwar TEE. Ni ina ganin tun 1965 ma'anar sunan ta fara zamewa. Da can yana nufin jirgin da iyaka ba ta tsayar da shi. Yanzu ya koma nufin jirgin masu hali.

Masu halin kuwa su suka fara watsewa. Jirgin sama mai injin jet ya mayar da tafiyar awa bakwai ta zama ta awa ɗaya da rabi, manyan tituna suka yawaita, kamfanoni suka riƙa ba manyan ma'aikatansu mota. Wanda ya rage yana son jirgin ƙasa mai sauri shi ne ɗalibi, da mai iyali, da ma'aikacin da ya baro Italiya ko Sifen yana aiki a masana'antun Jamus, kuma duk waɗannan TEE ya rufe musu ƙofa. Tun 1956 yawancin ƙasashen Turai suka soke aji na uku, saura faskila da sikinkila, kuma mafi yawan jama'a na sikinkila. Ana ba jirgin da ke ɗauke da mutum 100 hanya mafi kyau da lokaci mafi kyau, jirgin da ke ɗauke da ɗaruruwa ya kauce ya jira shi ya wuce, alhali da harajin kowa ake cike giɓin hukumar. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba ciniki ba ne mai ɗorewa.

Jamus ta gwada abin a gida ta ga amsa. A 1971 ta kafa jiragen Intercity, su ma faskila zalla, kowace awa biyu. A 1979 ta sauya: jirgi kowace awa, da aji biyu. Ɗan kasuwar da ake tsoron zai gudu idan ya ga talaka a tarago na gaba, sai ga shi ya fi son jirgin da zai samu duk awa a kan wanda ke tashi sau ɗaya a yini. A 1981 Faransa ta buɗe jirgin TGV mai tsananin gudu tsakanin Paris da Lyon, shi ma aji biyu tun ranar farko. Ranar 31 ga Mayu 1987 aka ƙaddamar da EuroCity, mai aji biyu, wanda ya gaji kusan duk hanyoyin ƙetare. TEE Rheingold, wanda ya yi suna da taragonsa mai rufin gilashi, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe ana gobe. Gottardo ya jure zuwa 1988, wasu na cikin Faransa zuwa 1991. An ɗan farfaɗo da sunan tsakanin Paris da Brussels daga 1993 zuwa 1995, wannan karon har da sikinkila.

Masu kare tsarin faskila suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Binciken cikin jirgi ya yi sauƙi ne saboda mutanen kaɗan ne kuma kayansu jakar hannu ce. Fasinja 114, kowane daƙiƙa 30, jami'ai biyu sun gama kafin rabin awa. Fasinja 600 kuwa aikin minti 300 ne. Idan tazarar tashoshin biyu rabin awa ce, jami'ai 10 ake buƙata daga kowace ƙasa. Gaskiya ne. Amma wannan matsalar yawan ma'aikata ce da zaɓen tashar da za su hau, kuma albashin jami'ai 10 bai kama ƙafar kuɗin gina kilomita ɗaya na sabon layi ba. EuroCity ya tabbatar da haka: ya ɗauki sharuɗɗan TEE na bincike a cikin tafiya, gajeriyar tsayuwa, abinci, na'urar sanyaya iska, ya ƙara da matsakaicin gudun kilomita 90 a awa da ma'aikata masu jin harsuna, ya kuma yi su da dogayen jirage shekaru kafin yarjejeniyar Schengen, wadda ta soke binciken fasfo tsakanin ƙasashenta, ta fara aiki a 1995.

Yau a yawancin Turai ba a neman fasfo, amma iyakar tana nan ta wata siffa. Wutar har yanzu iri huɗu ce. Jiragen Thalys da suka gaji hanyar Paris, Brussels, Cologne da Amsterdam sai da aka ɗora musu na'urorin tsaro har bakwai. Tsarin bai-ɗaya na ETCS da aka ƙirƙiro don maye gurbinsu yana tafiyar hawainiya. Mafi ciwo shi ne tikiti: a 1960 mutum na iya tsayawa a taga ɗaya ya sayi tafiyar ƙasa biyar, yanzu sau da yawa sai ya bi shafukan intanet na kamfanoni biyu ko uku, kuma idan jirgin farko ya makara ya rasa na biyu, tikitinsa biyu ne daban, asarar na iya zama tasa. Jirgin rana mai tsananin gudu kai tsaye daga Paris zuwa Berlin sai a Disamba 2024 aka fara shi, yana cin kusan awa 8. Idan TEE 2.0 zai zama abin kirki, a nan aikinsa yake: tikiti ɗaya da alhaki ɗaya, jadawalin da aka tsara tare, a amince da jirgi sau ɗaya ya shiga ko'ina, da kujerar da ma'aikacin asibiti zai iya biya.

Abin ya shafe mu ta wuri ɗaya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya da faɗin milimita 1,435 har ƙarshensa. Ba shi da matsalar Portbou, kuma da injin dizal irin na Abuja zuwa Kaduna ba shi da matsalar waya. Takarda ce kaɗai ta rage. Da gudun kilomita 100 a awa tafiyar ba ta kai awa uku ba, don haka tsayuwar awa ɗaya a Jibiya ta ƙara mata kashi ɗaya bisa uku. Daga Jibiya zuwa Maraɗi kimanin kilomita 50 ne, rabin awa, wanda ya yi kaɗan ga jirgi mai mutum 600. Idan jami'an ƙasashen biyu suka hau tun daga Katsina, suna da kusan awa guda, shida daga kowane ɓangare sun isa. Fasinjan wannan hanya kuma ba mai jakar hannu ba ne, mai buhu ne da ɗaurin atamfa. Kayansa a tashar Kano ko ta Maraɗi ya kamata a bincika kafin jirgi ya tashi, a zuba su a taragon kaya, jami'an ƙasashen biyu su sa masa hatimi tare, kada a buɗe sai a inda za a sauke. Yarjejeniyar da za ta ba ɗan kwastan Nijar ikon aiki a tashar Kano, da na Najeriya a tashar Maraɗi, ya kamata a ce an sa mata hannu kafin a gama shimfiɗa ƙarfen.